HULA DA LAKATAYE A TEBURIN JIRGIN RUWA

Duk wanda ya bi ta Titin Owerri a unguwar Asata ta birnin Inugu ranar Jumma'a da hantsi ya dushe, zai ga abin da ba ya bukatar tafinta. 'Yan canji sun zuge jakunkunansu, masu albasa da tattasai sun lulluɓe kaya da buhu, mahauta sun wanke hannu, kowa ya fito cikin wankakkiyar shadda da hula ya nufi masallaci. Babu wanda ya buga musu takarda ya ce ga abin da za a sa. Amma da wani magidanci zai ɓullo a cikinsu da gajeren wando da singileti, kai ba hula, da kallon da za a yi masa kaɗai ya ishe shi hukunci. Haka abin yake a wajen Hausawan Anaca ta bakin Kwara, haka kuma yake a Fatakwal.

Akwai kuwa inda ake buga takardar, a rubuta ta dalla-dalla, a aiko wa mutum tun bai bar gida ba. Wannan wuri shi ne jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin manyan jiragen nan da mutum yakan biya kuɗi ya shiga, ba don yana da inda za shi ba, sai don ya kwana bakwai ko goma a kan teku ana kewayawa da shi daga wannan tasha zuwa waccan. Fataken ƙasar nan da suka saba da hanyar Dubai da Jidda sun sha ganin irin jiragen a bakin gaɓa kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa. Wanda duk ya yi sha'awar shiga daga cikinsu, zai tarar a cikin takardunsa an ware wani sashe musamman a kan tufafin da ake sawa idan za a ci abincin dare, kuma abin da zai gani da fari shi ne baƙin kwat da farar taguwa da lakataye. Nan fa tambaya takan taso: shin sai dattijo ya tuɓe rigarsa ya cire hularsa kafin a ba shi kujera a teburin da ya biya da kuɗinsa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Ta girmi 'yancin kan Nijeriya, kuma an riga an amsa ta tun tuni, sai dai an manta.

JIRAGEN WASIƘA

Garuruwan nan uku na Gabas ruwa da dogo ne suka raya su. An gano kwal a tuddan Udi a cikin 1909, aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal domin fitar da shi, sa'an nan a cikin 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Inugu da Fatakwal. Da aka gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a cikin 1932, sai dogo ya zarce daga bakin teku har Arewa ba yankewa, shanu da wake da albasa suka riƙa gangarowa, masu su kuma suka bi su suka kafa zango. Anaca kuwa tun kafin dogo kasuwa ce ta bakin kogi, inda Nufawa da Igala da Hausawa ke sauke kaya. Kafin a gama gadar Kwara a ƙarshen 1965, wanda duk zai tafi Ikko, watau Legas, daga Inugu ta mota, sai ya tsaya a Anaca ya jira jirgin fito ya haye da shi Asaba. Wanda ya zaɓi jirgin ƙasa kuma sai ya hau Arewa tukuna har mahaɗar Kaduna, kana ya juyo Kudu.

Abin da ke kai manyan matafiya Ikko a wancan zamani shi ne jirgin wasiƙa na kamfanin Elder Dempster na birnin Libaful. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya sa sababbin jirage uku a kan wannan hanya. Accra ya fara aiki a 1947, Apapa a 1948, sai kuma babbansu, Aureol, wanda aka ƙera a Gilasgo, ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Ikko a watan Nuwamba na 1951. An raɗa masa sunan wani dutse ne da ke Freetown ta ƙasar Saliyo. Fari ne fat, da bututun hayaƙi ruwan ɗorawa, nauyinsa ya haura tan 14,000, kuma yana ɗaukar fasinja 253 a faskila, watau aji na ɗaya, da 76 a aji na biyu. Tafiyar takan ci kusan mako biyu, ana yada zango a Las Palmas da Freetown da Takoradi.

Mako biyu a cikin gida ɗaya da mutum ɗari uku ba abin wasa ba ne, musamman da yake mafi yawan 'yan faskila ma'aikatan mulkin mallaka ne da manajojin kamfanoni masu zuwa hutu ko masu komowa daga hutu. Razdan yana ciki, Di'o yana ciki, ƙaramin akawun kamfani da aka ɗauko jiya yana ciki, kowa kuma ya san matsayin kowa. Da rana ana iya sakewa, a sa gajeren wando a yi wasanni a sararin jirgi. Da yamma ta yi kuwa, sai kowa ya koma ɗakinsa ya yi wanka ya sake shiga. Maza su fito da baƙin kwat na dare, da farar taguwa mai sitaci, da ɗan lakatayen nan da ake ƙullawa a maƙogwaro mai kama da malam-buɗe-littafi. Mata su fito da doguwar riga har ƙasa. Al'adar jiragen Ingila ta ɗauke wa mutane wannan nauyi a dare biyu kawai, daren farko domin ba a gama kwance akwatuna ba, da daren ƙarshe domin an riga an ɗaure su. Idan jirgi ya shigo yankin zafi, hafsoshinsa sukan ajiye baƙaƙen kaya su koma farare, fasinja ma yana iya sa farin kwat maimakon baƙi. Amma kwat ɗin dai yana nan, ko da gumi na tsiyaya.

A tsakiyar zauren cin abinci akwai teburin kyaftin. Wanda aka gayyata ya zauna a nan, an nuna wa jirgi duka cewa shi wani ne. Wanda aka kai can lungu kusa da ƙofar madafa, shi ma an faɗa masa matsayinsa ba tare da an buɗe baki ba. Ashe dai tufafin nan ba don abinci aka sa su ba. Shaida ce ta cewa mutum ɗan gida ne, ya san ƙa'idar gidan, kuma yana da kuɗin da zai ɗinka rigar da ba ta da wani amfani sai bayan faɗuwar rana.

MASU TABARMA

A wannan jirgi dai, da sauran jiragen da ke bin gaɓar Afirka ta Yamma, akwai wasu fasinjoji da ba a taɓa aika musu da takardar tufafi ba. Su ne masu kwana a sarari, ƙarƙashin tamfol, waɗanda kan hau daga wannan tasha su sauka a ta gaba. Mutum ya zo da tabarmarsa da butarsa da ƙunshin guzurinsa, ya sami gefe ya shimfiɗa. A cikin waɗannan ne Hausawa suka fi yawa, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 fataken goro suka gane cewa ɗauko kaya daga Gwalkwas, Ghana ta yau, ta teku zuwa Ikko ya fi sauƙi a kan watannin da ayari ke yi a ƙasa daga Gwanja. Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan hanya a farkon ƙarni na 20, yana sayen goro a Gwalkwas yana turo shi Ikko ta jirgin ruwa.

Abin lura a nan shi ne, akwai yiwuwar falken da ke zaune a kan tabarma yana tsoma hannu cikin ƙwarya ya fi rabin mutanen zauren sama dukiya. Rigar saƙi ko ta tsamiya da ke naɗe cikin adakarsa, wadda mai ɗinki ya share watanni yana yi wa aska takwas da allura, ta fi kwat da yawa tsada. Ba rashin sutura ne ya hana shi hawa bene ba. Wani ɓangare tsimi ne irin na falke, wanda ba ya ganin dalilin kashe uwar kuɗi a kan gadon kwana uku. Wani ɓangare kuma abinci ne, domin bai san wanda ya yanka naman ba, ga kuma kwalabe a kan kowane tebur. Sauran kuwa launin fata ne, ko da ba a rubuta shi a jikin tikiti ba.

Wannan na ƙarshe ya fito fili sau biyu yadda ba a iya ɓoye shi. A cikin 1947 otal ɗin Bristol na Ikko ya hana Ivor Cummings masauki, alhali shi babban ma'aikaci ne daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, don kawai da ya iso an ga baƙar fata ne. Mahaifinsa mutumin Saliyo ne. Ba kwat ya rasa ba, ba Turanci ya rasa ba. Hayaniyar da ta biyo baya ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards ya hana nuna bambancin launi a otal-otal da wuraren jama'a. Sa'an nan a cikin 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Libaful, suna kukan wulaƙancin da suka ce wasu hafsoshin jirgin na yi musu, har gwamnatin Nijeriya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Cif Salubi. Irin waɗannan ma'aikata su ne masu wanke fararen taguwoyin, su goge su, su jera cokula, su tsaya a bayan kujera. Su suka fi kowa sanin ƙa'idar teburin, amma ba su da wurin zama a kansa.

YADDA RIGA TA SHIGA ZAURE

Sarakunan Arewa ba su taɓa ɗaukar wannan magana a matsayin matsala ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila ta jirgin ruwa a cikin 1921 a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya gana da Sarki George na Biyar. A cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka bi sawu. Hotunan waɗannan tafiye-tafiye suna nan, kuma rawani da alkyabba ake gani a cikinsu. Turawan da ke riƙe da ƙasa su da kansu suka fi son haka, domin sarki cikin kwat ba zai yi musu amfani a idon mutanen Landan ba. Ko mene ne dalilinsu, abin ya kafa hujja.

Wanda abin ya fi yi wa wuya shi ne ɗan boko. Malamin makaranta ko akawun En'e da aka ba shi damar ƙaro ilmi, ba shi da rawani da zai tsaya masa, ba shi da zagi ko dogari. Irin su Abubakar Imam, wanda ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya kuma ba da labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya je karatu Landan a 1945, da Aminu Kano da ya bi baya a 1946, su ne tsarar da ta fara tsayawa tsakanin akwati biyu. Idan mutum ya sa kwat, mutanen gida su ce ya zama Bature. Idan ya sa riga, wani ya ɗauka bai waye ba.

Abin mamaki, daga Gabas ne aka sami wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan. Mazi Mbonu Ojike, mutumin Arondizuogu, wanda ya yi karatu a Amurka ya kuma riƙe ministan kuɗi na Jihar Gabas a Inugu kafin rasuwarsa a 1956, ya yi ta kiran jama'a su ƙaurace wa duk wani abin Turawa da za a iya rayuwa ba tare da shi ba, ya fara kuma da tufafin jikinsa. A hankali 'yan siyasar NCNC, har da shi Azikiwe, suka koma fitowa taro cikin manyan riguna da hula. A wannan zamani ne kuma, cikin shekarun 1950, birnin Inugu ya zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko. Wanda ya san abin da ya faru a 1966, lokacin da 'yan Arewa suka kwashe daga Gabas, 'yan Gabas suka kwashe daga Arewa, da yaƙin da ya biyo baya har 1970, zai san nauyin wannan labari. Zangunan Asata da Anaca da Fatakwal na yau, bayan yaƙi aka sake raya su.

Da aka sami mulkin kai sai maganar ta ƙare a hukumance. A watan Yuli na 1961 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya yi jawabi cikin babbar riga. A watan Maris na 1981 Shugaba Shehu Shagari ya kai ziyarar aiki Ingila, Sarauniya Elizabeth ta karɓe shi a fadar Buckingham, yana cikin rigarsa da doguwar hularsa. Ƙa'idar manyan liyafofi ta duniya ta daɗe da ajiye tufafin ƙasa na ado a daraja ɗaya da kwat mafi girma na Turawa. Rigar da ta ci abinci a fadar Buckingham, ba zauren wani jirgi ne zai kore ta ba.

Su kuwa jiragen wasiƙa, jirgin sama ne ya kashe musu kasuwa. Tafiyar mako biyu ta koma ta sa'o'i. An janye Accra a 1967, Apapa a 1968. Aureol ya daure shi kaɗai har 1974, sa'an nan aka sayar da shi ga wani attajirin Girka, John Latsis, wanda ya sake masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda ya ɗaure a bakin gaɓa ya mai da shi masaukin ma'aikata. Alhazan Nijeriya nawa suka sauka a Jidda a waɗannan shekaru ba su san tsohon jirgin Ikko yana nan kusa da su ba? A 2001 aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya aka farfasa.

JIRAGEN YAU

Da sufuri ya kuɓuce wa kamfanonin jiragen ruwa, sai suka juya ga shaƙatawa, suka kuma tafi da tsohuwar al'adar tebur a matsayin wani abin sayarwa. Abin da a dā tilas ne, yanzu ya zama kwalliya. Kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki tun 1840, shi ya fi riƙe ta. A jirginsa Queen Mary 2, mai ratsa tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin kwana bakwai, ƙa'idar tufafi takan fara aiki daga ƙarfe shida na yamma. Yawancin darare tsabtatacciyar shiga ta mutunci ake nema. Amma akan ware wasu darare, galibi biyu a mako, a matsayin daren biki, inda ake son namiji ya sa kwat na dare ko baƙin kwat da lakataye, mace ta sa rigar ado. Wanda ba ya so ba a tilasta masa, sai dai ya haƙura da babban zaure a wannan dare ya tafi sashen da kowa ke ɗibar abinci da kansa. Har yau kuma a jiragen wannan kamfani darajar ɗakin kwanan mutum ita ke nuna zauren da zai ci abinci, watau dai faskila ba ta mutu ba, suna ta sake.

Wasu kamfanoni sun bi wata hanya dabam. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya soke tilascin cin abinci a ƙayyadajjen lokaci da tilascin shigar biki, wasu da dama suka sassauta nasu. Dalilin a fili yake. Jirgi kamar Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2024, tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000, ciki har da yara da jarirai. Ba mai iya sa wa jama'a mai yawan ta ƙaramin gari lakataye a dare ɗaya. Abin da ya rage a irin waɗannan jirage shi ne jerin abubuwan da ba a shiga babban zaure da su da dare: kayan iyo, singileti, silifas na roba, ƙafa ba takalmi, da hular hana-salla.

A kan wannan na ƙarshe ne ya kamata a tsaya. A al'adar Turawa, namiji ya cire hula idan ya shiga ɗaki ko ya zauna cin abinci, shi ne ladabi. A al'adar Hausa kuwa takalmi ake cirewa, hula tana nan daram, kuma dattijon da ya fito bainar jama'a kai a sake kamar bai gama sa tufafi ba ne. Girmamawa ɗaya ce, wannan ya ɗauke ta daga sama, wancan daga ƙasa. Dokar da jirage suka rubuta an yi ta ne saboda matasan da ke shigowa daga bakin wurin iyo da hular wasa a ka, ba saboda zanna-bukar ko dara ko kube ba, kamar yadda ba a yi ta saboda rawanin Basikhe ko hular Bayahude ba. Idan wani sabon ma'aikaci a bakin ƙofa ya yi kuskure, magana ɗaya cikin natsuwa da shugaban zauren ta isa. Abin da bai kamata ba shi ne mutum ya cire hular don kunya, ya zauna a takure har a tashi, bayan ya biya kuɗi daidai da kowa.

Sai dai fa ba kowace rigar gida ce rigar biki ba, kuma a nan ne wasu kan yi wa kansu. Bahaushe ya san bambanci tsakanin abin da yake sawa ya zauna a shago da abin da yake sawa ranar ɗaurin aure. Kaftani mai kyau da wando da hula ya yi daidai da shigarsu ta kowane dare. Daren biki kuwa na babbar riga ne cikakkiya, da 'yar ciki da wando yadi ɗaya, da hula da ta dace, da takalmin fata rufaffe ko sau-ciki. Jallabiyar da ake zuwa sallar Asuba da ita, ko da a Madina aka sayo ta, ba ta cika wannan ma'auni ba, kuma mai ita ma ya sani. Wanda ya ce tufafin ƙasarsa zai sa, to, ya sa na gaske, domin a wannan dare shi ne Nijeriya a idon mutanen teburinsa.

Mata sun fi samun sauƙi. Leshi ko atamfa mai kyau da ɗankwali da gyale, ko lafaya, ko abaya mai ado, duk sun wuce abin da ake nema. Babu ƙa'idar jirgin da ta ce sai mace ta bar kafaɗa ko wuya a buɗe. Abin da aka ce shi ne ta yi ado. Mayafi ma yana da wani amfani, don sanyin na'urar zauren yakan yi yawa. Abu biyu ne kawai abin kula. Zanen da ke jan ƙasa yana da haɗari a kan matakala idan teku ta motsa. Mai rufe fuska kuma ta san cewa a duk hawa da sauka masu tsaro sukan gwada fuskar fasinja da hoton da aka ɗauka ranar shiga, don haka ya kyautu mijinta ko ita kanta ta nemi a haɗa ta da ma'aikaciya mace.

Ita babbar riga tana da nata hali a kan teku. A ƙasa ana naɗe hannuwanta a kafaɗa a zauna a kan darduma, akushi yana ƙasa, ba abin da za ta taɓa. A teburin jirgi kuwa gaban kowane mutum akwai kofunan gilashi biyu ko uku da cokula jere hagu da dama, ga maƙwabci kusa da gwiwar hannu. Miƙa hannu ɗaya ba tare da an tattare riga ba ya isa ya kifar da kofin wata baiwar Allah. A sararin jirgi kuma iska takan cika riga ta mai da ita tanti. Sa'an nan ga maganar guga. Saboda tsoron gobara, jiragen nan ba su yarda fasinja ya shigo da dutsen guga ɗakinsa ba. Idan an gani a akwati karɓewa ake yi sai ranar sauka. Akwai masu wanki da guga na jirgi, da kuɗi, amma ba su san shadda ba, ba su kuma san aikin mabuga ba. Dabarar ita ce a kai riga wurin bugu tun a gida, a ninke ta a kan karinta, a sa ta a saman akwati, a rataye ta tun daren farko.

Tufafi rabin magana ne, sauran rabin yana cikin faranti. Bature yana riƙe wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, ya kai loma da hagun. Musulmi ba ya ci da hagu. Mafita ita ce ya yanka abincinsa tukuna, ya ajiye wuƙa, ya mai da cokalin dama, kuma ba wanda zai ɗaga ido, domin haka Amurkawa ma suke yi. Naman halal ba a samunsa kai tsaye a yawancin jiragen Turai da Amurka, sai an sanar da kamfani makonni kafin tafiya. Wanda bai yi haka ba, kifi da ƙwai da ganye ne abokansa, ya kuma riƙa tambaya ko an zuba giya a cikin miya, domin dahuwar Turawa tana yawan haka. Inda ake cin abinci zango biyu, na farko yakan kama da misalin ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da rabi. Na farkon yakan faɗa kan Magariba a wurare da yawa, don haka na biyu ya fi dacewa da mai salla. Alƙibla kuwa tana juyawa da juyawar jirgi, sai an duba kafin kowace salla.

Tekun Maliya ta kawo sabon abu a 'yan shekarun nan. A 2021 jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Jidda, sa'an nan a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, daga wannan tasha dai da Aureol ya yi zaman tsufansa. An tsara shi ba giya, abinci na halal, da wuraren salla. A zauren irin wannan jirgi farar riga har ƙasa da abaya su ne 'yan gida, mai kwat ne baƙo.

Wanda ya ƙudura tafiya daga Asata ko Anaca ko Fatakwal, kafin ya je wurin mai tikiti ya fara zuwa wurin tela. Aikin keke ana gama shi cikin 'yan kwanaki, amma rigar aikin hannu daga Zariya ko Kano ko Bida ake aiko da ita, takan kuma ɗauki watanni. Idan tafiyar ta faɗo kusa da Salla, ba telan da zai karɓi ɗinki bayan goma ga azumi.